Koyon Aiki a Waya: Wa Ke Koyarwa, Wa Ke Tantancewa, Wa Ke Biya?

A wuraren aiki da dama a Kano akwai umarni biyu da ke cin karo da juna. Na farko a rubuce yake, wani lokaci ma an manna shi a bango: ba a yarda ma'aikaci ya riƙa danne-dannen waya lokacin aiki ba. Na biyu ba a rubuta shi ba, amma kowa ya san da zamansa: duk wanda bai duba guruf ɗin WhatsApp na ofis ba har sanarwar taro ko sabon tsarin cike fom ya wuce shi, shi ya jiyo. Ogan da ya hana riƙe waya da safe shi ne zai turo bidiyo da daddare ya ce kowa ya kalla kafin gobe.

Abubuwa uku da suka zo kusa da juna sun ƙara dagula lissafin. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta shafi hotuna da takardun da ma'aikata ke tura wa juna. A ƙarshen 2023 ɗin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, wanda galibin karatunsa ta intanet ake yi. Sai kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ke nan ana ce wa ma'aikaci ya buɗe waya ya koya, ana ce masa ya kiyayi abin da yake turawa, ga datar kuma ta yi tsada.

Daga nan muhawara ta taso a ofisoshi da shaguna da gareji-gareji. Mintunan da ma'aikaci ya ɗauka yana kallon bidiyon sana'arsa, aiki ne ko satar lokaci? Idan ya bi abin da ya gani aka yi ɓarna, wa za a kama? Abin da ya koya ta wannan hanya kuma, yana da wata daraja ranar ƙarin girma?

Me ake nufi da koyon da ba na aji ba

Masana harkar horar da ma'aikata sun kasa koyo gida uku. Akwai na makaranta, mai tsarin karatu da jarrabawa da takardar shaida, irin na Jami'ar Bayero ko kwalejojin fasaha. Akwai na bita, wato kwas ɗin kwana uku ko mako guda da ma'aikata ke tura mutum, da mai gabatar da ƙasida da jakar takardu da alawus. Na uku shi ne wanda babu wanda ya tsara shi: ka tambayi na kusa da kai, ka leƙa yadda wani yake yi, ka gwada, ka ɓata, ka gyara. Wannan na ukun ne yanzu ya koma cikin WhatsApp da YouTube da TikTok da Facebook da Telegram.

Shi kansa irin wannan koyo tsohon abu ne a Kano. Rini a Ƙofar Mata, dukanci, ƙira, saƙa, fatauci, babu ɗayansu da aka koya a aji. Yaro yakan fara da shara da aike da miƙo kaya, ya yi shekaru yana ɗaukar sana'a da ido, kafin maigida ya sallame shi. Wata masaniya 'yar Amurka, Jean Lave, ta zauna a shagunan teloli a Monrovia, babban birnin Laberiya, a shekarun 1970, ta lura cewa yaran shago daga ƙarshen ɗinki suke farawa: guga, sa maɓalli, kalmasa. Sai daga baya a ba su keke. Yanka kuwa shi ne na ƙarshe, domin a nan ne kuskure ke cinye yadin mutane. A 1991 ita da Etienne Wenger suka bayyana cewa a cikin jama'ar masu sana'a ake koyon sana'a, mutum ya fara daga gefe yana matsowa tsakiya. Duk telan da ke Fagge zai ce ai wannan ba labari ba ne.

Abin lura a tsohon tsarin shi ne mutum ɗaya ke riƙe da komai. Maigida ne ke koyarwa. Shi ke duba aiki kafin ya fita shago. Shi ke ba da haƙuri ko ya biya idan yaro ya ɓata kayan mutane. Sunansa kuma shi ne takardar shaidar yaron, shi ya sa ake tambayar "yaron wane ne?" kafin a miƙa aiki. Waya ta karɓi koyarwar kaɗai. Dubawa da ɗaukar alhaki da tsaya wa mutum suna nan inda suke, wasu lokuta ma babu kowa a kansu. Kusan duk rikicin da ake yi a kan wannan batu daga wannan rabuwar ya samo asali.

Me ya tura mutane ga waya

Babban dalili shi ne kayan aiki sun riga masu koyarwa sauyawa. Bakaniken da ya ƙware a Fijo 504 da kafireta, kunnensa ne na'urar gwajinsa. Amma tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa da ake jona na'ura ta karanto matsalar inji daga kwamfutar motar, Turai ma ta bi sahu bayan 'yan shekaru, kuma irin waɗannan motocin ne 'yan Kwatano da suka cika titunan Kano. Yaron gareji da ya jona na'urar, ya kwafi lambar da ta fito, ya rubuta ta a YouTube, cikin minti biyar yana iya sanin abin da ogansa mai shekara talatin a sana'a bai taɓa ji ba. Haka lamarin yake ga mai gyaran waya, wanda kowace shekara Tecno da Infinix da Samsung ke jefo masa sabon samfuri, da tela da ya tashi daga keken ƙafa zuwa injin aiki mai kwamfuta.

Wutar lantarki ta ƙara nata. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin lissafi. A watan Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu layin da aka fi ba wuta, ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Buƙatar sola ta yi tsalle fiye da yadda kowace makaranta za ta iya yaye masu haɗa ta, sai masu wayarin na gidaje suka shiga bidiyo suna koyon lissafin fanel da inbata da batir.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya yi wa 'yan kasuwa irin haka. A Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, mutanen da ba su taɓa yarda da ciniki ba tare da tsabar kuɗi ba sai ga su suna koyon tiransifa da na'urar POS da yadda ake gane alat na bogi, kuma ba a banki suka koya ba, a wurin yaransu da maƙwabtan shago da guruf ɗin layi suka koya. Kafin nan kullen korona na watan Afrilun 2020 ya riga ya saba wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis da taro ta Zoom. Kulle ya wuce, guruf-guruf ɗin da aka buɗe a lokacin ba su rufe ba.

Akwai kuma ƙorafin da ƙananan ma'aikata suka daɗe suna yi, cewa bita ba ta zagayowa kansu, manya ke zuwa saboda alawus, su dawo da jakar takardu a ajiye a durowa. Ko an yarda da wannan ko ba a yarda ba, kasafin horarwa bai taɓa isar kowa ba.

Abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne saƙon murya da bidiyo. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, rashin iya rubutun boko ko Turanci ya daina hana mutum tambaya. Bidiyo kuma gani ne, wanda ya kori ji. Da yawa daga cikin bidiyoyin gyaran waya da na inbata daga Indiya da Pakistan suke fitowa, da Indiyanci ko Urdu, kuma hakan bai hana Bakano fahimta ba. Hannun mai gyaran yake kallo, kunnensa ma dama ya daɗe da sabawa da harshen ta hanyar fina-finai.

Yadda abin yake gudana

A kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, mai gyara zai ɗauki hoton cikin wayar da ta gagare shi ya jefa a guruf, ya yi sallama, ya ce ta ƙi caji, ya canza bakin cajin amma shiru. Kafin ya gama da kwastoma na gaba, wani ya ce ya auna wuri kaza, wani ya turo taswirar hanyoyin wutar wannan samfurin, wani ya ce shi ma ta taɓa yi masa haka, ga abin da ya tarar. Guruf ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Maigida ɗaya, komai ƙwarewarsa, bai ga adadin wayoyin da mutum dubu suka gani ba.

Kamfanin Xerox na Amurka ya gano haka tun kafin wayar hannu ta yaɗu. A shekarun 1980 wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injinan fotokwafi na kamfanin, ya tarar cewa littafin umarnin da aka ba su ba shi ke fitar da su ba idan gyara ya yi tsauri, labaran da suke ba juna wajen karin kumallo ne. Daga baya kamfanin ya gina rumbun da ya kira Eureka domin tattara waɗannan dabaru. Sai dai ya sa sharuɗɗa biyu: kowace dabara sai ƙwararru sun duba ta kafin ta shiga, kuma tana ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Guruf ɗin WhatsApp yana da na biyun, galibi ba shi da na farkon.

A asibitoci, ma'aikaciyar jinya da ke kwanan aiki a ƙaramin asibitin unguwa takan tambayi tsoffin abokan karatunta, ƙaramin likita ya tura wa na gaba da shi hoton sakamakon gwaji. Malaman firamare suna musayar tsarin darasi da tambayoyin jarrabawa. Akawu a sakatariyar Audu Baƙo yana koyon lissafi da Excel daga bidiyon minti goma.

Sai kuma ɓangaren da ba a cika sa shi a lissafi ba, domin wurin aikin nasa cikin gida yake. Matan aure da yawa suna biyan kuɗin shiga aji a WhatsApp ko Telegram, su koyi kek da cincin da sambusa, haɗa turaren wuta da humra, sabulun ruwa, ƙunshi, ɗinkin zannuwan gado. Ga macen da fita ke yi mata wuya, wannan ita ce makarantar koyon sana'a ta farko da ta iso har ɗakinta.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon baya suna kafa hujja da sauri da arha. Matsala ta taso yanzu, amsa ta zo yanzu, mota tana kan rami, ba sai an jira bitar baɗi ba. Suna kuma cewa waya ta karya rowar sana'a. An san masu gidan da ke riƙe sirrin aiki shekara da shekaru, ko su aiki yaro sayen abinci daidai lokacin da za a yi abin da ya kamata ya gani, don kada ya iya ya buɗe nasa. Ga kuma kunya: ƙaramin ma'aikaci da ba zai iya tambayar darakta sau biyu ba yana iya maimaita bidiyo sau goma babu mai harararsa.

Wasu daga cikinsu sukan kawo lissafin nan na 70 da 20 da 10, cewa kashi 70 na ƙwarewa daga aikin kansa ake samu, 20 daga abokan aiki, 10 kacal daga aji. Lissafin ya fito ne daga wata cibiyar horar da shugabanni a Amurka a shekarun 1980, kuma an gina shi ne a kan abin da manyan manajoji suka tuna game da yadda suka koyi aiki. Ishara ce mai amfani, amma ba awo ba ne da za a ɗora wa birkila ko ungozoma.

Iyayen gida da shugabannin ma'aikatu nasu ƙorafin daban. Wayar da ake koyo da ita, ita ce dai ake kallon barkwanci da ƙwallo da ita, kuma daga nesa ba a bambance wa. Sunan TikTok ma kaɗai a Kano ya isa ya sa dattijo ya ɗaure fuska, ko da bidiyon walda ake kallo. Wanda ya ga yadda matasa suka duƙufa da dannan allo a 2024, lokacin da ake yayin mainin ɗin kirifto, ba zai ce tsoron nasu babu tushe ba. A masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa maganar ta wuce ɓata lokaci, domin hankalin da ya rabu biyu kusa da inji yana iya jawo asarar yatsa. Sannan akwai abin da ba su cika faɗa a fili ba: yaron da ya koya a waya yana ganin ya isa sallama tun bai shekara ba, kuma yana iya musu da oga a gaban kwastoma.

Hukumomin da ke kula da ƙwararru sun tsaya a tsakiya. Hukumar likitoci ta MDCN da ta ma'aikatan jinya da ungozoma suna wajabta ci gaba da neman ilimi kafin sabunta lasisi, kuma ana iya yin wani ɓangare na wannan karatun ta intanet, amma sai daga masu horarwar da aka amince da su. Wato ba su ƙi wayar ba. Abin da suke tambaya shi ne daga bakin wa aka ji.

Matsalar isnadi

Malaman zaure suna da wata magana da suka gada, cewa wanda littafi ne kaɗai malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Shi ya sa ake tambayar ɗalibi a wurin wa ya karanta, shi kuma malamin a wurin wa. A soshiyal midiya wannan sarƙa ta isnadi a tsinke take. Manhajojin suna ɗaga bidiyon da aka fi tsayawa a kalla, aka fi yi wa sharhi, aka fi turawa gaba. Ba su da hanyar sanin ko gyaran da aka nuna ya kai mako guda. Bidiyon da ya ce a gyara cikin minti biyu ya fi wanda ya ce a auna tukuna samun 'yan kallo. Da yawa daga masu koyarwar kuma 'yan kasuwa ne, darasin talla ne na batir ko sinadari ko ajin da za a biya.

Misalin na'urar gwajin mota ya nuna inda gizo ke saƙa. Lambar P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa a cakuɗar da inji ke ƙonawa. Ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko sensa ta yi datti. Wanda ya kalli bidiyo ɗaya zai canza abin da aka canza a bidiyon, mai mota ya biya, fitila ta sake kamawa bayan kwana biyu. Tsohon bakanike da bai iya karanta lambar ba sau da yawa shi ya san yadda ake bin dalilan ɗaya bayan ɗaya. Garejin da ya haɗa su biyun shi ke cin riba.

A harkar wuta, ƙaramin sani ƙuƙumi ne na gaske. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, don haka bidiyon da aka ɗauka can ba a kwafarsa kai tsaye. Wayar da ta yi siriri tsakanin batir da inbata tana ɗaukar zafi har ta narke. Batirin lithium da na ruwa ba saitin caji ɗaya suke so ba. Zafin Kano na watan Afrilu da ƙurar hunturu suna rage ƙarfin fanel fiye da abin da mai bidiyo a ƙasar sanyi ya lissafa. Haka ajin haɗa man shafawa: hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai irin su mercury da hydroquinone, amma ɗalibar da aka tura wa jerin kayan haɗi a guruf ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin robar da ta saya.

Ofisoshi ma ba su tsira ba. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. Kafin yawancin akantoci su karanta dokar, bidiyoyin fassara ta sun cika wayoyi, har da jita-jitar cewa za a riƙa cire haraji daga duk kuɗin da ya shigo asusun banki, abin da kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, ƙarƙashin Taiwo Oyedele, ya yi ta musantawa. Bayanin da ke cikin dokar, kamar yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, bai yi gudun jita-jitar ba.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda tun 2024 ta shigo cikin WhatsApp ɗin kansa a Najeriya. Tana amsawa nan take, da tsari mai kyau, kuma muryarta ɗaya ce ko ta yi daidai ko ta yi kuskure.

Abin da doka ta ce game da turawa

Koyo a guruf yana tafiya da misali, misalin kuma sau da yawa sirrin wani ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Tarar da ta tanada tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa, ga ƙananan kuma naira miliyan 2 ko kashi 2. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 dama ta riga ta ce bayanin mara lafiya sirri ne. Saboda haka hoton katin asibiti mai suna da lamba, ko fuskar majinyaci, da aka tura don neman shawara yana iya zama laifi ko da niyyar alheri aka yi. Rufe suna da fuska da lambar kati kafin turawa yana rage haɗarin sosai.

Ma'aikacin gwamnati yana ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962 da ƙa'idojin aiki, waɗanda ba su ware tura takarda don a koya wa wani yadda ake rubuta irinta ba. Mai gyaran waya yana riƙe da hotuna da saƙonnin mutane. Ma'aikacin banki da mai POS suna ganin lambobin asusu. Ana yawan fakewa da cewa WhatsApp a kulle yake daga mai turawa zuwa mai karɓa, kuma gaskiya ne tun 2016. Amma kullen yana kare saƙo ne a hanya. Da zarar ya sauka a wayoyi ɗari biyu, kowace tana iya tura shi gaba, ko a sace ta, ko a ba yaro ya yi wasa da ita.

Kuɗi, lokaci da takarda

A tsarin bita, ma'aikata ce ke biya, a lokacin aiki ake yi, har da alawus. A tsarin waya, ma'aikaci ne ke sayen wayar, shi ke sayen data, shi ke biyan caji, kuma galibi bayan isha yake karatun. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na jihar Kano, naira 71,000, datar kallon bidiyo tana gogayya da kuɗin adaidaita sahu. Wanda ke da ƙaramar waya mai maɓalli, ko macen da mijinta bai yarda ta shiga guruf mai maza ba, ko dattijon da idonsa ya raunana, suna nan a baya, kuma ba a cika lura da su ba tunda an ɗauka an tura wa kowa.

Akwai asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, wanda kamfanonin da doka ta shafa ke zuba wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu, a mayar musu da wani kaso idan sun nuna shaidar horon da asusun ya amince da shi. Horon da ke da rasit da rajista ke nan. Dubban awannin da ake koyo a guruf ba su da rasit. Kamfani yana amfana da ƙwarewar, amma ba ta bayyana a littafinsa, ba ta kuma bayyana a fayil ɗin ma'aikacin ranar ƙarin girma.

Wasu wuraren aiki sun fara neman tsaka-tsaki da kansu: a ware lokacin da aka yarda a duba waya, a hana ta kusa da inji ko gaban majinyaci, a sa wani babba ya riƙa duba abin da ake turawa a guruf ɗin aiki, a ɗan ba da kuɗin data. Wannan na ƙarshen yana jawo wata tambayar, domin ogan da ya sayi data yakan ga yana da ikon turo saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya jira amsa. Guruf ɗin kansa ma na wa ne? Idan wanda ya buɗe shi ya bar aiki, ko wayarsa ta faɗa ruwa, ilimin shekaru yana iya tafiya tare da shi, in dai dama ana iya tono shi daga ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure.

Ga mai kawo aiki, sauyin ya fi fitowa a wajen zaɓe. Masu sana'a sun yawaita, farashi ya sauko a wasu fannoni, gyaran da a da sai an kai Legas yanzu ana yinsa a Kano. Amma tambayar "yaron wane ne?" ta rage amfani, domin amsar tana iya zama yaron YouTube ne. Yawan mabiya a Instagram yana nuna iya ɗaukar hoto, bai nuna ko wayarin ɗin zai kai damina ba.

Hanyar hukuma da ta fi kusa da cike wannan giɓi ita ce tsarin tantance ƙwarewa na ƙasa, NSQ, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, tare da tsohuwar jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai matakai uku. A cikin tsarin NSQ akwai tanadin amincewa da ƙwarewar da mutum ya riga ya samu, ko a gareji ya same ta ko a waya. Mai tantancewa ba ya tsayawa a kan inda aka koya. Aiki yake so a yi a gabansa, ya duba, ya rubuta. Yawancin masu sana'a a Ƙofar Ruwa da Farm Centre ba su da wannan takarda, kuma ba su da dalilin ɓata ranakun ciniki a nemanta muddin masu ba da kwangila da masu ɗaukar aiki da masu kawo gyara ba su fara tambayarta ba.